Zaren Kabon: Me Ake Nufi Idan An Ce Ya Fi Ƙarfe Ƙarfi?

A watan Mayun 1970 injiniyoyin kamfanin Rolls-Royce na Ingila suka harba matacciyar kaza cikin fankar sabon injin jirgin sama mai suna RB211. Gwaji ne da aka saba yi, domin jirgi kan ci karo da tsuntsu a sama, kuma dole injin ya jure. Fukafukan wannan fanka ba da ƙarfe aka ƙera su ba. An yi su ne da wani sabon abu da kamfanin ya raɗa wa suna Hyfil, wato zaren kabon da aka daskarar a cikin ƙaro. Ga rashin nauyi, ga ƙarfi, ga shi ya tsallake gwaje-gwajen da suka gabata. Da kazar ta daki fukafukan sai suka tarwatse.

Dole aka koma ga fukafukan titaniyam masu nauyi. Dama kuɗin aikin ya riga ya zarce lissafi, ga kwantiragin da aka ƙulla da kamfanin ƙera jiragen sama na Lockheed na Amurka a kan farashin da ba ya motsi. Ranar 4 ga Fabrairun 1971 Rolls-Royce ya durƙushe, sai da gwamnatin Birtaniya ta karɓe shi. Kazar ba ita kaɗai ta kayar da shi ba, amma tana cikin abubuwan da suka ƙarasa shi.

Babu wanda ya yi ƙarya game da ƙarfin wancan zare. An ja shi a ɗakin gwaji, an ga lambobin da suka ba kowa mamaki, kuma lambobin gaskiya ne. Sai dai amsar tambaya ɗaya suka bayar, ita ce: idan aka ja zaren ta tsawonsa, yaushe zai tsinke? Kaza kuwa ba ja ta yi ba, duka ta kai ta gefe. Shi ya sa duk lokacin da na ji an ce zaren kabon ya ninka ƙarfe ƙarfi sau kaza, abin da nake so in sani shi ne wane gwaji aka yi, ta wace fuska, sili nawa aka tsinka, kuma a wane yanayi.

Asalin zaren

Kusan kashi 90 cikin ɗari na zaren kabon da ake yi a duniya daga wani zaren roba yake fitowa, wanda ake taƙaita sunansa da PAN, ɗan'uwan zaren da ake saƙa rigar sanyi da shi. Akio Shindo ne ya fara nuna amfaninsa a Osaka ta Japan a 1959. A 1963 William Watt da abokan aikinsa a cibiyar binciken jiragen sama ta Farnborough a Ingila suka gano cewa idan aka riƙe zaren a miƙe yayin da ake gasa shi, ƙarfinsa da taurinsa na ƙaruwa matuƙa. Kamfanin Toray na Japan ya fara sayar da nasa a 1971, kuma samfurinsa T300 har gobe shi ne ma'aunin da ake kwatanta sauran da shi.

Ana fara gasa farin zaren a cikin iska a zafin digiri 200 zuwa 300 har ya yi baƙi, ya daina narkewa. Daga nan sai tanderu mai zafin digiri 1,000 zuwa 1,500, inda aka kori iskar oksijin aka cika da naitirojin don kada ya ƙone. Kusan rabin nauyinsa ke tafiya a hayaƙi, abin da ya rage kabon ne fiye da kashi 90 cikin ɗari. Ƙwayoyin zarransa sukan jeru falle-falle, kowane falle da zubin saƙar zuma, irin jerin da ke cikin bakin fensir. A cikin falle ɗaya riƙon yana da tsananin ƙarfi, tsakanin falle da falle kuwa sakwa-sakwa ne, shi ya sa fensir ke barin baƙi a takarda. Miƙewar da ake yi wa zaren ita ke kwantar da waɗannan fallaye su bi tsawonsa.

Wanda ya taɓa shan rake ya san wannan hali. Ba za ka iya tsinka sandar rake da ja ba, amma haƙori kaɗai ya isa ya tsaga ta ta tsawo. Taurin zaren kabon ta gefe bai kai kashi ɗaya cikin goma na taurinsa ta tsawo ba.

Akwai kalmomi biyu da ya kamata a raba tun yanzu, domin a maganar yau da kullum ana cakuɗa su. Ƙarfi shi ne yawan jan da abu zai ɗauka kafin ya tsinke. Tauri kuwa, a nan, shi ne yadda abu ke ƙin miƙewa idan an ja shi. Ana auna su da megafaskal, kuma megafaskal ɗaya kamar nauyin giram 100 ne a kan murabba'in milimita ɗaya. Megafaskal dubu shi ne gigafaskal. Ƙarfin T300 megafaskal 3,530 ne, rodin gini kuwa yakan fara ba da kai a wajen 500. A wajen tauri T300 na da gigafaskal 230, ƙarfe na da 200 da 'yan kai, wato kusan kunnen doki suke. Inda tazarar take shi ne nauyi: santimita ɗaya mai kusurwa huɗu ta kowace fuska na zaren giram 1.76 ne, na ƙarfe kusan 7.85.

Ƙarfi da tauri ba sa tafiya tare kullum. Idan aka ci gaba da gasa zaren har zafi ya haura digiri 2,000, taurinsa zai yi ta hawa, amma ƙarfinsa yakan ja baya, ya ƙara gautsi. Samfurin M60J na Toray na da taurin gigafaskal 588, ya dace da tauraron ɗan'adam inda ba a son ko ɗan lanƙwasa. T700S taurinsa 230 ne kacal, amma ƙarfinsa 4,900, shi ya sa ake naɗe tulunan iskar gas da shi. Mai saye da ya ce a ba shi "mafi kyau" bai faɗi komai ba tukuna.

Sili ɗaya a kan kati

Gwajin farko shi ne na sili ɗaya, kuma aiki ne na haƙuri. Kaurin silin T300 maikiromita 7 ne (maikiromita dubu ke yin milimita ɗaya), kusan kashi ɗaya cikin goma na kaurin gashin kai. Mai gwaji zai zauna gaban farar takarda da fitila mai haske, ya sa hantsaki ya zaro sili ɗaya daga cikin dubbai, yana kaffa-kaffa kada ya lanƙwasa shi ko ya goga shi da wani abu. Ba a iya damƙe shi kai tsaye da muƙamuƙin na'ura, zai murƙushe. Sai a yanka ɗan kati mai taga a tsakiya, galibi tsawon tagar milimita 25, a shimfiɗa silin ya ratsa tagar a miƙe sak, a ɗiga gam a sama da ƙasa. Idan gam ya bushe a ɗora katin a na'ura, muƙamuƙi su riƙe takardar, sannan a sa almakashi a datse gefunan katin biyu. Yanzu ba abin da ya haɗa sama da ƙasa sai wannan sili da ido ke gani da ƙyar. Numfashi mai ƙarfi ma na iya ɓata aikin. Ƙa'idojin ISO 11566 da ASTM C1557 su ne suka tsara yadda ake yin sa.

Na'ura za ta fara ja a hankali. Silin T300 yakan miƙe da kashi 1.5 cikin ɗari kafin ya tsinke, wato a tsawon milimita 25 ko rabin milimita bai kai ba. Nauyin da ke tsinka shi kuwa kusan giram 14 ne. Ba ya gargaɗi. Waya ta ƙarfe takan saki jiki ta sirance kafin ta rabu, shi kuwa layin da kwamfuta ke zanawa yana hawa ne a miƙe, sai kawai ya faɗo. Sau da yawa silin kan farfashe ya watse, a rasa ma inda ya fara karyewa. Ɓurɓushinsa na ɗaukar wutar lantarki, don haka ɗakunan da ke wannan aiki sukan kare na'urorinsu daga ƙurarsa.

To daga giram 14 ta yaya aka kai ga 3,530? Ana raba nauyin ne da faɗin bakin silin, kuma a nan kuskure ke shigowa. Faɗin baki ya dogara da kauri sau kauri. Idan ka ɗauka silin maikiromita 7 ne alhali 6.5 ne, bambancin rabin maikiromita kawai, lissafin faɗin ya kauce da kusan kashi 16 cikin ɗari, ƙarfin da za ka rubuta ma ya kauce. Ga shi silin ba duka ke da kauri ɗaya ba, wasu ma bakinsu ba zagayayye ba ne, ya fi kama da ƙwayar wake. Don haka ɗakin gwaji mai kula yakan auna kowane sili da kansa. Wasu na haska masa leza su auna zanen hasken da ya bazu a bayansa. Wasu na kaɗa shi kamar tsirkiyar garaya, domin daga saurin karkarwarsa ana gane nauyinsa a kowane tsawo. Wasu na duba shi a na'urar hangen ƙananan abubuwa.

Wajen auna tauri akwai wani tarkon. Miƙewar da ake nema ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma gam da kati da ita kanta na'urar duk suna ɗan ba da kai. Idan ba a cire nasu kason ba, sai zaren ya fito kamar bai kai taurinsa na gaskiya ba. Dabarar ita ce a gwada silin masu tsawo daban-daban, abin da bai canja da tsawo ba shi ne na na'ura, a ɗebe shi.

Me ya sa silin ba sa yarda da juna

Ka tsinka sili talatin daga ƙunshi ɗaya, za ka sami amsa talatin. Wani zai tsinke a ƙasa da 3,000, wani ya haura 4,000. Mai gwaji bai yi kuskure ba, halin abin ne.

Wanda ya fara fahimtar dalili shi ne A. A. Griffith, a can Farnborough ɗin, wajen 1920, da zaren gilashi. Ya ga cewa mafi sirantar zarensa ya ninka mai kauri ƙarfi kusan sau ashirin, alhali gilashin ɗaya ne. Bayaninsa shi ne abu mai gautsi daga wani ɗan aibi yake fara karyewa, tsaga ko rami ko ƙazanta, kuma gwargwadon girman abu gwargwadon yiwuwar ya ƙunshi babban aibi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A zaren kabon aibin na iya zama ƙurar da ta faɗa cikin ruwan PAN tun kafin a kaɗa shi, ko kumfar iska, ko ƙarzanewa a jikin wani gargare a masana'anta, abin da bai kai maikiromita ɗaya ba. Yawancin ci gaban da aka samu daga T300 zuwa T1100G mai ƙarfin 7,000 daga tsabta da sirantar da sili ya zo, daga maikiromita 7 zuwa 5.

Waloddi Weibull, injiniya ɗan ƙasar Siwidin, shi ya ba wannan hali lissafi a 1939, ya faɗaɗa shi a 1951. Ya ɗauki abu kamar sarƙa, wadda ƙarfinta bai wuce na zoben da ya fi rauni ba. Lissafin na fitar da lamba ɗaya da ke nuna yadda sakamako ya warwatsu: idan tana da girma, samfuran sun yi kusa da juna, idan ƙarama ce sun yi hannun riga. Ta zaren kabon ƙarama ce, galibi ƙasa da goma. A ɗauka biyar ce. Ma'anarta idan ka ninka tsawon silin da kake gwadawa sau goma, ƙarfin da za ka samu zai ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Zare ɗaya, na'ura ɗaya, mai gwaji ɗaya, tsawon taga kawai aka canja. Saboda haka rahoton da ya ba da ƙarfin sili bai faɗi tsawon da aka gwada ba, ni dai ba na ɗaukarsa da muhimmanci.

Lambar da ke kan takardar kamfani

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne 3,530 ɗin da ke kan takardar bayanan kamfani ba daga gwajin sili ɗaya ta fito ba. Ana sayar da zaren ne a ƙunshi, sili 3,000 ko 12,000 ko 24,000, waɗanda 'yan kasuwarsa ke kira 3K da 12K da 24K. Kamfani yakan tsoma ƙunshin cikin ƙaron ifoksi, ya gasa shi ya zama kamar siririn tsinke, sannan ya ja shi, bisa ƙa'ida irin ta ISO 10618 ko ASTM D4018. Ƙunshin T300 mai sili 12,000 yakan ɗauki sama da kilo 160.

Me ya sa ake tsoma shi a ƙaro? Idan aka ja busasshen ƙunshi, silin da ya fi rauni zai tsinke, daga nan ya tashi daga aiki gaba ɗaya, nauyinsa ya koma kan sauran, su ma su bi shi ɗaya bayan ɗaya. A cikin ƙaro labarin daban ne. Sili ya tsinke a wuri ɗaya, ƙaron da ke kewaye da shi zai karɓi nauyin ya miƙa wa maƙwabta, kuma ɗan gaba kaɗan, ƙasa da milimita ɗaya, ya mayar wa tsinkakken silin kayansa ya ci gaba da ɗauka. Tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Ƙaron shi kaɗai ba wani ƙarfi gare shi ba, bai kai megafaskal 100 ba, amma in babu shi silin ba sa aiki tare. Magina da ke cuɗa ramno a jar ƙasa wannan hikimar suke bi.

Wannan ya kai mu ga wurin da a ganina ya fi ko'ina muhimmanci, kuma ya fi wuyar aunawa, wato inda fatar sili ta haɗu da ƙaro. Zaren da ya fito daga tanderu santsi gare shi, ƙaro ba ya kama shi sosai. Sai a bi da shi cikin wani ruwa da aka sa wa lantarki don fatarsa ta karɓi oksijin, sannan a shafa masa wani ɗan siririn shafi da nauyinsa ke wajen kashi ɗaya cikin ɗari na zaren. Shafin da aka yi don ifoksi ba lallai ya dace da wani ƙaron ba. Zare mai kyau da shafin da bai dace ba kaya mara kyau zai bayar.

Ana auna wannan riƙo ta hanyoyi masu ban sha'awa. A ɗaya, ana binne sili guda a tsakiyar ɗan ƙaro mai garai-garai, a ja ƙaron ana kallo ta madubin ƙara girma. Silin zai tsinke gida biyu, sannan huɗu, sannan takwas, har gutsattsarin su gajarce su daina tsinkewa, domin ƙaron ba ya samun isasshen wurin kamawa da zai sake tsinka su. Gwargwadon gajartarsu gwargwadon ƙarfin riƙon, bisa lissafin da Kelly da Tyson suka fitar a 1965. A wata hanyar ana ɗiga ɗigon ƙaro a jikin silin kamar ƙwayar tsakiya a zare, a bari ya daskare, a tare shi da bakin wuƙaƙe biyu, a ja silin har ya zare. Ɗakunan gwaji daban-daban sukan sami lambobi mabambanta a kan zare ɗaya, don haka an fi amfani da waɗannan gwaje-gwaje wajen kwatanta shafi da shafi a ɗaki guda.

Kuma riƙo mafi tsanani ba shi ne mafi alheri ba. Idan ya yi sako-sako silin za su zame, kayan ya tsage kamar rake. Idan ya wuce kima, tsagar da ta fara a sili ɗaya za ta ratsa ƙaro ta faɗa na kusa kai tsaye, kayan ya fashe kamar tangaran. Ana son riƙon da zai ɗan saki a bakin tsaga, ya karkatar da ita, ya cinye mata ƙarfi.

Daga zare zuwa allo

Ba wanda ke ƙera jirgi da ƙunshin zare. Ana shimfiɗa shi falle a kan falle, kowane falle na fuskantar inda aka tsara, a gasa a tanda mai matsin iska ya zama allo. A allo mai kyau zare kan ci kusan kashi 60 cikin ɗari na jiki, saura ƙaro. Taurin allon yana bin lissafi sau da ƙafa: kashi 60 na 230 shi ne 138, kuma kusan hakan ake samu. Ƙarfi kuwa ba ya cika alkawari, lissafi zai ce 2,100 da ɗoriya, na'ura ta ba da ƙasa da haka.

Yanzu a juya allon da duk zarensa ke kallon gefe ɗaya, a ja shi ta gicciye. Abin da ya ɗauki kusan 2,000 ta tsawo, ta nan ko 100 ba zai kai ba, domin ƙaro da riƙonsa kaɗai ke aiki. A danne shi ta tsawo maimakon ja, nan ma yakan gaza abin da ya yi a ja, sau da yawa da tazara mai yawa, musamman a sababbin zare masu ƙarfi. Siriri ne, idan aka tura shi yana son lanƙwashewa, ƙaro ne ke tallafe shi. Karkatar digiri ɗaya ko biyu wajen shimfiɗa zare ta isa ta rage ƙarfin dannawa sosai. Akwai kuma ɗan gwaji mai sauƙi na ASTM D2344, inda ake ɗora guntun allo a kan matokara biyu na kusa da juna a danna tsakiya har fallayen su goce wa juna. Masana'antu na son sa don yana saurin tona asirin kumfar iska da gashin da bai nuna ba.

Darasin kaza kuwa ya zama gwaji mai zaman kansa. Ana yanka allo mai milimita 100 da 150, a sako masa ƙarfe mai zagayayyen kai daga sama da ƙarfin da aka ƙayyade, sannan a ɗauke shi a danne shi har ya karye. Abin tsoron shi ne a waje ɗan lotsawa kawai za ka gani, wani lokacin ma sai ka karkata shi ga haske. A ciki kuwa fallaye sun ɗaye daga juna a fili mai faɗi, kuma ƙarfin dannawa na iya faɗuwa da rabi. Sifana da ta kuɓuce daga hannun makaniki ta faɗa kan fiffiken jirgi na iya yin wannan ɓarna. Ƙarfe idan ya sha duka yakan nuna, wannan kuwa ɓoyewa yake yi. Ana kuma maimaita gwaje-gwajen a sanyin digiri 54 ƙasa da sifili, da kuma a zafi bayan allon ya yi makonni yana shan danshi, domin ƙaro kan tsotsi ruwa ya yi laushi.

Duk wannan warwatsuwar sakamako ta sa masu ƙera jiragen sama ba sa aiki da matsakaicin lamba. Rabin samfura ai suna ƙasa da matsakaici. Suna da mataki biyu. A na farko, wanda ake wa laƙabi da A, ana ɗaukar lambar da ake da tabbacin kashi 95 cikin ɗari cewa samfura 99 cikin 100 za su haura ta, don sassan da idan sun karye babu mai karɓar nauyinsu. A na biyu, B, samfura 90 cikin 100, don inda akwai madadin. Kafin a kai ga waɗannan lambobi sai an karya samfura daga gashi daban-daban da zubin kaya daban-daban. Daga dubban 'yan ƙananan samfura ake hawa zuwa ɗaruruwan sassa masu rami da ƙusa, zuwa manyan ɓangarori kaɗan, har zuwa jirgi sukutum.

Jirgin Boeing 787, wanda rabin nauyin jikinsa irin wannan haɗi ne, ya nuna dalilin da ya sa ba a tsallake matakin ƙarshe. A watan Yunin 2009, ana dab da tashinsa na farko, kamfanin ya ɗage ranar saboda gwajin lanƙwasa fukafukai ya nuna rauni a inda fiffike ya haɗu da gangar jiki, abin da lissafin kwamfuta bai hango ba. Aka ƙarfafa wurin, jirgin ya tashi ranar 15 ga Disamba. A ƙarshen Maris na 2010 aka ɗora wa fukafukan ninki ɗaya da rabi na nauyi mafi tsanani da ake sa ran za su gamu da shi a sama, suka lanƙwasa sama da kusan mita 7.6, ba su karye ba.

Bayan an ƙera, saura duba abin da ke ciki ba tare da an fasa ba. Hanya mafi tsufa ita ce ƙwanƙwasawa da kwabo ko 'yar guduma, kamar yadda mai sayen tukunyar ƙasa ke ƙwanƙwasa ta a kasuwa: lafiyayyen wuri na amsawa rau, inda ya ɗaye kuwa sautin a dakushe yake. A masana'anta ana amfani da sautin da kunne ba ya ji, irin wanda ake duba mai juna biyu da shi, a zana taswirar duk wani gurbi da ke tsakanin fallaye.

Labarin da ke sosa mini rai a wannan fage shi ne na Titan, ƙaramin jirgin nutso na kamfanin OceanGate da ya murƙushe ranar 18 ga Yunin 2023 a hanyarsa ta zuwa ga ɓaraguzan Titanic, mutum biyar suka rasu. Gangar jikinsa zaren kabon ce mai kaurin inci biyar, hawa biyar da aka manne da gam. A zurfin mita 3,800 ruwa na danna kowane murabba'in santimita da nauyin kusan kilo 380, wato dannawa zalla, fuskar da wannan kaya ya fi rauni kuma ya fi jin ƙaramin kuskure. Tun 2018 wani babban ma'aikacin kamfanin ya koka cewa ba a duba cikin gangar jikin ba, aka sallame shi. Babu wata hukumar tantance jiragen ruwa da ta ba jirgin shaida. A Yulin 2022, a nutso na 80, an ji wata ƙara mai ƙarfi bayan ya taso, na'urorin auna miƙewa suka fara nuna wani hali dabam, amma aka ci gaba da nutso da shi. Masu binciken Amurka da suka duba ragowarsa sun tarar da tamoji a shimfiɗar zaren, da kumfar iska, da ɗayewa a tsakanin hawa da hawa, kuma rahoton rundunar tsaron gaɓar tekun ƙasar na Agustan 2025 ya ce haɗari ne da za a iya kauce masa. Duk waɗannan aibobi akwai sanannen gwajin da ke gano su.

Fankar zaren kabon ta dawo, amma sai bayan shekara ashirin da biyar. A 1995 injin GE90 na kamfanin General Electric ya fara aiki a jirgin Boeing 777 da fukafukai 22 na zaren kabon. Abin da aka canja ya fi shafar abin da ke kewaye da zaren: ƙaro mai jure duka, tsarin shimfiɗa fallaye da aka gwada aka sake gwadawa, da bakin titaniyam da aka ɗaura a gaban kowane fiffike don ya karɓi bugun farko. Shi ma Rolls-Royce ya komo, a 2023 ya kunna injin gwajinsa UltraFan a garin Derby na Ingila, da fanka mai faɗin inci 140 ta zaren kabon da bakin titaniyam. Kafin kowane injin ya sami izinin ɗaukar fasinja, har yanzu sai an harba masa tsuntsu, kuma ga manyan injuna nauyin tsuntsun yakan kai kilo 3.65.